Baƙuwar Gaggafa a Gaɓar Tekun Maine

Bahaushe ya ce baƙo raɓa ne. A watan Disamba na 2021, cikin tsananin hunturu, aka hangi wata ƙatuwar gaggafa, wadda masana ke kira gaggafar Steller, a gaɓar tekun jihar Maine ta Amurka. Asalin irinta gabashin Rasha ne, inda suke ƙyanƙyasa. Da sanyi kuwa sukan gangara tsibirin Hokkaido na Japan neman kifi. Ta yaya aka shaida ta? Da zanen farin gashin fukafukanta aka gane ita ce aka gani a Alaska a 2020. Abin lura shi ne, 'yan dubbai kaɗai suka rage a duniya. Don haka duk wanda ya ga irin wannan baƙuwa, ya rubuta rana da wuri kafin raɓa ta bushe.