Me Ke Nutsar Da Birnin Jakarta?

Duk lokacin da maganar sauya babban birnin Indunusiya ta taso, akan haɗa ta da hoton wani masallaci da ke tsaye tsamo-tsamo cikin ruwa, igiyar teku tana dukan bangonsa. Masallacin nan na gaske ne. Sunansa Wal Adhuna, yana unguwar Muara Baru a arewacin Jakarta, kuma an daɗe da daina salla a cikinsa. Bayanin da ake liƙa wa hoton ne ke da gyara. Sai ka ji ana cewa teku ce ta taso ta cinye birnin, shi ya sa gwamnati za ta kwashe jama'a ta kai su wani tsibiri. Maganganun biyu duk akwai sauran zance a cikinsu.

Mu a nan Najeriya, yawancinmu a aikin hajji muka san mutanen Indunusiya, da jerin gwanonsu da kayansu iri ɗaya, sai kuma taliyar Indomie da ta samo asali daga can. Ƙasar tasu tsibirai ce fiye da 17,000, a warwatse tsawon sama da kilomita 5,000 daga gabas zuwa yamma, har agogo uku suke amfani da shi. Ƙidayar 2020 ta samu mutum miliyan 270, wato ta huɗu a duniya, kuma kusan kashi 87 cikin ɗari Musulmi ne. Sai dai rabon jama'ar a karkace yake. Tsibirin Java, inda Jakarta take, bai kai faɗin jihohin Neja da Borno a haɗe ba, amma mutum sama da miliyan 150 ne a kansa. Fiye da rabin al'ummar ƙasar ke nan a kan kusan kashi 7 cikin ɗari na filinta. Duwatsu masu aman wuta ne suka tara su a can: tokar da suke fitarwa taki ce, ƙasa ta yi albarka, ana noman shinkafa sau biyu ko uku a shekara. Turawan Holan ma a can suka kafa hedkwatarsu a 1619, suka sa mata suna Batavia, a kan fadama a bakin teku.

Wannan fadamar ita ce Jakarta ta yau. Koguna 13 ne ke ratsa ta, mutum sama da miliyan 10 ke cikin birnin, idan aka haɗa da garuruwan da suka manne da shi kuwa sun haura miliyan 30. Kusan kashi 40 cikin ɗari na birnin ya riga ya koma ƙasa da fuskar teku, katanga ce kawai ke tare ruwan.

Teku tana tasowa, babu musu, sakamakon ɗumamar yanayi. Amma tasowar tata a faɗin duniya milimita 3 zuwa 4 ce a shekara. A wasu unguwannin arewacin Jakarta kuwa, an auna ƙasa tana lotsawa har santimita 25 a shekara guda. Wanda ya iya lissafi ya san wanne ne babban mai laifi. Kuma abin da ke lotsar da ƙasar ba wani ɓoyayyen al'amari ba ne: rijiyoyin burtsatse ne.

Ruwan famfo bai kai ga kowa ba a Jakarta. Mazauna da yawa ba su da shi, waɗanda ke da shi ma ba kullum yake zuwa ba. Kogunan kuwa sun gurɓace da shara da dagwalon masana'antu. Don haka kowa ya haƙa nasa: mai gida ya haƙa, otal ya haƙa, masana'anta da dogayen benaye da manyan kantuna su haƙa masu zurfin gaske, da izini da babu izini. Duk wanda ya taɓa ganin ana awara zai gane abin da ke biyo baya. Ana zuba ta cikin ƙyalle tana cike da ruwa, a ɗora dutse a kai, ruwa ya tsiyaye, ta dunƙule ta ragu. Lakar da ke ƙarƙashin Jakarta haka take. Ruwan da ke tsakanin ƙwayoyinta ne ke riƙe da ita, injuna suna zuƙe shi, nauyin gine-gine yana danna ta. Kuma kamar yadda awarar da ta dunƙule ba ta komawa yadda take ko an sake jiƙa ta, lakar da ta matse ba ta sake kumbura. Abin da ya lotsa ya lotsa ke nan. Ga kuma siminti da kwalta sun rufe ƙasa, ruwan saman da zai nutse ya cike gurbi sai ya bi titi ya zama ambaliya, irin ta ranar 1 ga Janairun 2020 da ta kashe mutum fiye da 60.

Masu kuɗi sun fi kowa zuƙar ruwan, talaka ya fi kowa ɗanɗana kuɗa. A unguwannin da suke kira kampung, a bakin koguna da gaɓar teku, masunta da 'yan acaɓa da masu ƙananan sana'o'i suna ɗaga daɓen ɗakunansu duk bayan 'yan shekaru, har rufi ya kusa taɓa kai. Ruwan rijiyarsu ya yi gishiri, sai sun sayi na jarka wajen 'yan garuwa, da tsadar da ta fi ta mai famfo a gida. Wani masani, Heri Andreas na jami'ar fasaha ta Bandung, ya yi gargaɗin cewa idan aka ci gaba a haka, kusan dukkan arewacin Jakarta na iya komawa ƙarƙashin ruwa nan da 2050.

Batun kwashe jama'a kuwa, babu wanda ya yi wannan alkawarin. A watan Agustan 2019 Shugaba Joko Widodo ya sanar da cewa za a gina sabon babban birni a Gabashin Kalimantan, a tsibirin Borneo, sama da kilomita 1,000 daga Jakarta. A 2022 aka yi doka, aka raɗa masa suna Nusantara, aka ƙiyasta zai ci kusan dala biliyan 32. An yi bikin ranar 'yancin kai a can ranar 17 ga Agustan 2024, yanzu kuma gwamnatin Shugaba Prabowo Subianto tana maganar 2028 a matsayin lokacin da zai zama cibiyar mulki. Tsarin birnin na mutum kusan miliyan 2 ne zuwa 2045. Fadar shugaban ƙasa da ma'aikatu ne za su tashi. Ɗan Najeriya ba ya buƙatar dogon bayani a nan: an koma Abuja a 1991, Legas kuwa sai ƙara cika ta yi.

Abin haushin shi ne maganin sananne ne. Tokyo ta yi irin wannan lotsawar, wasu unguwanninta suka nutse fiye da mita 4, sai hukumomi suka taƙaita zuƙar ruwan ƙasa, suka kawo ruwa daga koguna da madatsai, cikin shekarun 1970 abin ya kusa tsayawa cak. Jakarta ma ta fara hana manyan gine-gine a wasu yankuna amfani da burtsatse, kuma hukumar ruwanta ta ɗauki alkawarin kai famfo ga kowa nan da 2030. Sai dai shimfiɗa bututu a ƙarƙashin ƙasa ba ya jan 'yan jarida kamar buɗe sabuwar fada ko katangar teku, kuma ba ka hana mutum haƙa rijiya alhali ba ka ba shi abin sha ba. Wanda ke son sanin makomar Jakarta ya riƙa bibiyar yawan gidajen da famfo ya kai gare su. Idan 2030 ta zo adadin bai cika ba, birnin zai ci gaba da nutsewa ko an tare a Nusantara ko ba a tare ba.