Sayen Gidan Haɗin Gwiwa a Bakin Tekun Brooklyn

A can kudancin Brooklyn, a birnin New York, inda jirgin ƙasa ke ratsawa bisa gadar ƙarfe a saman shaguna, akwai unguwar Brighton Beach. Tun shekarun 1970 Yahudawan da suka baro Tarayyar Sobiyet suka cika ta, har yau da Rashanci ake rubuta allunan shaguna da dama. Daga nan zuwa Coney Island dogayen benaye ne ke fuskantar tekun Atalantika, kuma kuɗinsu bai kama ƙafar na Manhattan ba. Sai dai da yawansu na haɗin gwiwa ne, kuma cinikinsu ba irin wanda aka saba ba ne.

Wanda ya sayi sashe a irin wannan bene bai sayi bango ba, bai sayi ƙasa ba. Kamfani ne ke da benen ɗungurungum, mazauna kuma su ne masu kamfanin. Hannun jari kuɗinka ke saya, sai a haɗa maka da takardar haya da ta ba ka ikon zama a sashe kaza muddin jarin na hannunka. Yawan jarin ya danganta da girman sashen da hawan da yake: mai ɗaki uku a hawa na ashirin, taga na kallon ruwa, ya fi mai ɗaki ɗaya a hawa na biyu da ke kallon wurin ajiye motoci. Kamar gidan gado ne da ba a raba ba. Kowa ya san ɗakinsa, amma in rufi ya yi yoyo, na kowa ne.

Da jarin nan ake yanka wa kowa kuɗin wata. A ciki ake biyan harajin gini, albashin ma'aikata, ɗumama gida da hunturu, ruwa, inshora, da kuma bashin da kamfanin ya ci. Wannan na ƙarshen shi aka fi mantawa. Kana iya biyan kuɗin sashenka lakadan ka ce ba mai bin ka ko sisi, alhali benen kansa yana jingine a banki, kuma da kasonka a ciki.

Tunda gazawar mutum ɗaya kan sauran take faɗawa, ba a shiga sai da yardar kwamitin da mazauna suka zaɓa. Bayan an yi ciniki an sallama, dillali zai taya ka haɗa takardu, wani lokaci kaurinsu ya kai na littafi: shaidar biyan haraji ta shekara biyu, bayanan asusun banki, wasiƙa daga wurin aiki, wata daga mai gidan da kake haya, wasu daga mutanen da za su shaidi halinka. Yawancin benaye na son ka zube aƙalla kashi 20 cikin ɗari daga aljihunka, sannan a ga sauran kuɗi a ajiye bayan an gama. Daga nan sai ganawa. Mutanen da gobe za ku riƙa haɗuwa a lifta su zauna sun san albashinka da bashinka, suna tambayar ko kana da kare, ko kana kaɗa wani abin kiɗa da dare.

Suna da ikon su ce a'a ba tare da faɗin dalili ba. Ko mawaƙiya Madonna an taɓa juya mata baya a benen San Remo na Manhattan a 1985. Dokar tarayya ta 1968 ta hana ƙin mutum saboda launin fata, addini ko asalinsa, amma tabbatar da haka a gaban alƙali aiki ne ja idan ba a furta dalili ba. A ganina nan ne babban aibin tsarin. Bayan an shiga ma kwamitin na da faɗa a ji: shi ke ba da izinin rushe bango ko sa ɗan haya, kuma tun shari'ar Levandusky ta 1990 kotunan jihar New York ba sa cika tsoma baki a hukuncin da ya yanke da kyakkyawar niyya.

Duk wannan haka yake a ko'ina cikin birnin. Abin da teku ya ƙara shi ne ɗawainiya. Iskar gishiri na cin ƙarfen da ke cikin kankare, baranda ta tsage, taga ta yi tsatsa. Dokar birni ta wajabta wa duk benen da ya haura hawa shida binciken bangonsa na waje duk shekara biyar, kuma abin da injiniya ya gano dole a gyara. In asusun ajiya bai isa ba, sai a yanka wa mazauna kuɗin musamman a kan na wata.

Sai kuma ambaliya. Ranar 29 ga Oktoba, 2012, guguwar Sandy ta turo ruwan teku cikin titunan unguwannin nan. Wanda ke hawa na sha biyar ko ɗigo bai shiga ɗakinsa ba, amma tukunyar ɗumama gida da kayan lantarki da famfunan tura ruwa sama duk a ƙarƙashin bene suke. Tsofaffi suka maƙale a sama, ba wuta, ba lifta, ga sanyi ya kama. Da aka zo gyara, hukumar agaji ta FEMA ta ɗauki gidajen haɗin gwiwa a matsayin kamfanonin kasuwanci, don haka ba ta ba su tallafin gyaran kayan benen da ke na kowa ba, sai dai su nemi rance. Rancen kuwa a kuɗin wata yake ɓullowa.

Shi ya sa lauyan da ya san aikinsa, kafin ya bari ka sa hannu, yake zuwa ofishin masu kula da benen ya karanta rahotannin taron kwamiti da lissafin kuɗi na shekarun baya. Yana neman sanin nawa ne a asusun ajiya, yaushe wa'adin bashin benen zai cika, ko an ɗaga kayan lantarki daga ƙasa bayan Sandy, nawa inshorar ambaliya za ta biya, ko filin na kamfanin ne ko haya ce, da kason da kamfani ke yanka ranar da za ka sayar. Bankin da zai ba ka rance shi ma yana duba lissafin nan, kuma yakan hana mai albashi mai tsoka kuɗi idan bai gamsu da benen ba.