Randar ƙofar gida a Assamaka

A garuruwanmu akwai gidajen da ake ajiye randa a ƙofa, da moɗa a kan murfi. Mai wucewa ya sha ya yi gaba, ba a tambayarsa ɗan gidan wa ne. Wahalar tana kan baiwar Allahn da ke wanke randar kullum da asuba ta cika ta, alhali yawancin masu sha ba su san fuskarta ba.

Irin wannan hidima Assamaka ke nema daga Kiristocin jihar Agadez. Motocin Aljeriya kan juye baƙin haure a wurin da ake kira Point Zéro, su taka kilomita 15 cikin rairayi kafin su ga gari. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara ta ƙirga sama da mutum 30,000 da aka koro a 2024 kaɗai. Likitocin MSF na duba raunuka, hukumar OIM na ɗaukar sunaye. Sai dai akwai ciwon da ba ya shiga rajista. Ga saurayi daga Gini ko Mali, an sayar da gonar gidansu don ya tafi, an raba shi da waya da kuɗi a hanya, ko an ara masa waya ma kunya ta hana shi kiran mahaifiyarsa. Cikin dubban mutane yake kwana, babu mai kiran sunansa.

Kiristoci tsiraru ne a Nijar. Tsakanin Assamaka da cocin Katolika na Arlit akwai kimanin kilomita 200, Arlit ɗin ma tana jinyar kanta tun da aka rufe mahaƙar COMINAK ta Akokan a 2021. Amma suna da abin koyi a wannan hamada. Charles de Foucauld ya zauna Tamanrasset daga 1905 har aka kashe shi a 1916, ya koyi harshen Abzinawa har ya rubuta ƙamus, ƙofarsa kuwa a buɗe ga kowa.

A ganina, duk wa'azin da aka ɗaura wa kwanon shinkafa ciniki ne, kuma mai yunwa yana ganewa. Da yawa cikin korarrun nan Musulmi ne. Mai bi na gaskiya ya zauna kusa da yaron, ya tambayi sunansa da na garinsu, ya tsaya a gefensa sa'ad da yake buga lambar gida. In Kirista ne su yi addu'a tare, in Musulmi ne ya nemo masa ruwan alwala ya nuna masa gabas, gobe kuma ya dawo ya ji yadda ya kwana.