Rijiya a buɗe, wasaki babu

A ƙauyukanmu na Agye da Gazawa rijiya ba ta da ƙyaure. Baƙo ya iso da ƙishi, ba mai tambayarsa ɗan ina ne. Sai dai ruwan yana can ƙasa, gaba ashirin ko fiye. Wanda ya zo ba igiya ba wasaki sai ya tsaya yana leƙe, har wata uwa ta sauke tulunta ta ce, "Ungo nawa, ɗan nan, ja ka sha." Ta tsaya tana jiransa, alhali tukunyarta na bisa murhu.

Wannan tsayuwar bakin rijiya nake tunawa in na ga samarin da suka tsallako daga Sakkwato da Zamfara da Katsina tun 2019, lokacin da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyukansu. Dubun dubata suka shigo jihar Maraɗi, mafi yawa ta Gidan Runji. Talakawa ne suka fara tarbarsu, aka raba ɗaki, aka buɗe rumbu, kafin hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zaunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Yaran da suka zo riƙe da zanen uwa yau sun tasa. Wasu kuma sun zo da sakandare a kai.

A wasu ƙasashe da lissafi ake tare baƙo. Kanada a 2024 ta yanke adadin takardun izinin karatu da za ta ba ɗaliban waje, tana kukan ƙarancin gidaje. Mu a nan abin da ke tare yaro ya fi lissafi zurfi. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana nan cikin Maraɗi, tafiyar mota ce ba mai nisa ba, amma igiyarta bak ce, wato jarrabawar gama sakandare ta Nijar, wasakinta Faransanci. Shi ko yaron da Ingilishi aka koya masa, takardunsa kuma watakila sun ƙone tare da ɗakin uwarsa. Jami'ar Maryam Abacha tana koyarwa da Ingilishi tun 2013, amma ta kuɗi ce, wanda ya baro gona da shanu a daji ina zai samo?

Na san abin da wasu za su ce: namu ma ajin bai ishe su ba, alawus na makara, wane baƙo kuma? Gaskiya ne, kuma ba na raina wannan kuka. In rani ya tsananta har 'yan gida ɗaya kan yi cacar baki a bakin rijiya. To amma abin da muka saba yi shi ne a kira gayya a yashe ta, a ƙara mata zurfi. Ban taɓa jin mai gari ya sa an ƙirga baƙi an ce goma za su sha, saura su koma ba. Balle waɗannan, da harshenmu ɗaya, kasuwarmu ɗaya, da yawa ma akwai auratayya tsakani.

A duniya baki ɗaya, cikin matasa 'yan gudun hijira ɗari, a 2023 kusan bakwai kaɗai suka kai ga karatun gaba da sakandare. Akwai tallafin karatu na DAFI da Jamus ta kafa tun 1992, amma guraben kaɗan ne. Abin da nake roƙo ba shi da tsada: ajin Faransanci na shekara guda ga wanda ya gama sakandare a Najeriya, da hanyar auna iliminsa in takarda ta ɓata. Tun da a 2025 aka ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, aka sa Ingilishi cikin harsunan aiki, malaman da za su gwada yaron nan da harshen da ya iya suna nan cikin Maraɗi.