Mallaka Da Sirri A Bayanan Tuƙi Da Kwamfutar Mota Ke Ajiyewa

Gabatarwa

A da, idan mota ta yi haɗari, alƙali ya kan dogara ne da maganar direba, da ta waɗanda abin ya faru a kan idonsu, sai kuma sawun taya da ɗan sanda ya auna a kan kwalta. Ita motar ba ta da baki. A yau kuwa kusan kowace sabuwar mota tana ɗauke da kwamfutoci da dama, waɗansunsu suna rubuta yadda a ke tuƙa ta. Wannan ya jawo tambayoyi biyu da kotuna da majalisun dokoki na Amurka da Turai suka daɗe suna fama da su. Ta farko, bayanan nan na wane ne, na mai mota ko na kamfanin da ya ƙera ta? Ta biyu, wa ke da ikon duba su, kuma da izinin wa? Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana yadda al'amarin ya faro a Amurka, da yadda doka ta warware rigimar wata 'yar na'ura guda, alhali kuwa mafi yawan bayanan sun riga sun sami wata ƙofar fita.

Asalin na'urar da yadda ta ke aiki

Na'urar da rigimar ta fara a kanta ana yi mata laƙabi da baƙin akwati, don kwatanta ta da akwatin nan na jirgin sama. Kwatancin bai cika daidai ba. Na jirgin sama yana naɗar muryar matuƙa da bayanan tafiya na sa'o'i masu yawa. Ta mota kuwa ba ta naɗar murya, ba ta kuma rubuta garuruwan da aka bi. Hasali ma wani sashe ce na kwamfutar da ke sarrafa jakar iskar nan da ke kumbura ta tare ƙirjin direba lokacin karo.

Aikinta ya yi kama da allon da a ke rubutu a kansa ana wankewa. Muddin mota tana tafiya, na'urar tana rubuta abin da ke gudana, sabon rubutu yana shafe tsoho. Da zarar ta ji girgiza mai ƙarfi irin ta karo, sai ta kulle abin da ke kan allon a wannan lokaci. Abin da a kan samu shi ne gudun mota, da yadda aka taka totur, da ko an taka birki, da ko direba ya ɗaura bel, da kuma ƙarfin karon kansa.

Kamfanin General Motors shi ya fara sa irin wannan ma'ajiya cikin shekara ta 1974, a 'yan motocinsa na farko masu jakar iska, domin injiniyoyi su san ko jakar ta yi aikinta. Cikin 1999 ne motocinsa suka fara ajiye bayanan sakan 5 na kafin karo. Cikin 2000 wani kamfani mai suna Vetronix ya fara sayar da na'urar karanta su, watau daga nan 'yan sanda da masu binciken inshora suka sami hanyar shiga. Hukumar kiyaye haɗarin hanyoyi ta Amurka ta fitar da ƙa'ida cikin 2006, wadda ta fara aiki cikin Satumba 2012. Ƙa'idar ba ta tilasta a sa na'urar ba, amma ta ce duk motar da ke da ita lalle ta rubuta abubuwa 15, kuma a sanar da mai saye cikin littafin mota. Hukumar ta ƙiyasta cewa kashi 96 cikin 100 na ƙananan motocin ƙirar 2013 suna da ita. Cikin Disamba 2024 ta sake fitar da ƙa'idar tsawaita lokacin daga sakan 5 zuwa sakan 20.

Shaidar da ba ta san girman mutum ba

Amfanin na'urar a wajen gano gaskiya ba abin musu ba ne. Cikin Afrilu 2007 motar da ke ɗauke da Gwamnan Jihar New Jersey, Jon Corzine, ta yi mummunan haɗari, ya ji rauni ƙwarai. Da farko hukumar 'yan sanda ta ce gudu ba shi ne sanadi ba. Da aka karanta na'urar, sai ta nuna ɗan sandan da ke tuƙi yana gudun mil 91 a awa, kimanin kilomita 146, a hanyar da iyakarta mil 65 ce. Cikin Nuwamba 2011 Mataimakin Gwamnan Massachusetts, Timothy Murray, ya faɗi da motar gwamnati, ya ce ba ya gudun wuce ƙa'ida, kuma ya ɗaura bel. Na'urar ta nuna motar ta kai mil 108 a awa, kuma bel ɗin ba a ɗaure ya ke ba.

Al'amarin Toyota ya nuna wata fuska dabam. Cikin 2009 da 2010 direbobi da yawa a Amurka sun yi ƙorafin motocinsu suna ƙara gudu da kansu. A lokacin ne ta bayyana cewa a duk faɗin ƙasar kamfanin na da kwamfuta guda ɗaya tak mai iya karanta bayanan motocinsa. Mai mota yana da na'urar a cikin motarsa, amma mabuɗin yana hannun wanda ya ke ƙara. Da hukuma ta karanta na'urori 58, sai aka tarar a 35 daga cikinsu ba a taka birki ba sam. Ashe shaidar tana iya kāre kamfani, tana kuma iya kāre direba. Saboda haka sanin wanda ke riƙe da ita ya zama babban al'amari.

Har ila yau na'urar tana iya kuskure. Daga juyawar taya ta ke lissafin gudu, don haka idan taya ta sulɓe a kan santsi, ko mota ta tashi sama, ko an sa mata tayar da ba girmanta ba, lissafin zai karkace. Shi ya sa masu bincike su kan haɗa shi da awon da aka yi a wurin haɗari.

Yadda doka ta fayyace mai mallaka

Jihar Kalifoniya ce ta fara yin doka cikin 2003, ta fara aiki cikin Yuli 2004. Jihohi 17 ne suka yi irin wannan doka, waɗansunsu har sun hana kamfanin inshora ya sa sharaɗin sai an ba shi bayanan kafin ya karɓi mutum. Cikin Disamba 2015 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar tarayya ta kāre sirrin direba. Dokar ta ce bayanan na'urar mallakar mai mota ne, ko wanda ya ɗauke ta haya ta dogon lokaci. Ba wanda zai karanta su sai ta ɗayan hanyoyi biyar: umurnin kotu, ko yardar mai mota, ko binciken hukumomin sufuri na tarayya, ko don kai agajin gaggawa ga wanda ya ji rauni, ko don nazarin kiyaye haɗari muddin ba za a gane mai motar ba.

Kotuna sun ƙarfafa wannan. Cikin 2014, a Jihar Jojiya, wata mota ta yi karo da wata, mutum biyu suka mutu. Ɗan sanda ya shiga motar nan take ya kwashi bayanan ba tare da waranti ba, suka nuna direban yana gudun kusan mil 100 a awa, aka ɗaure shi. Cikin Oktoba 2019 Kotun Ƙoli ta jihar ta soke hukuncin, ta ce shiga motar mutum a kwashi bayanai bincike ne, kuma tsarin mulki bai yarda da shi ba sai da izinin alƙali.

Bayanan da ba sa zama cikin mota

Wanda ya tsaya nan zai zaci magana ta ƙare. Amma fa dokar 2015 ta shafi wannan na'ura ce kaɗai, mai ajiye 'yan sakanni na lokacin haɗari. Tun cikin 1996 General Motors ya fito da tsarin OnStar, wanda ke haɗa mota da ofishin kamfani ta hanyar wayar salula domin a kira agaji. Yanzu yawancin sababbin motoci a Amurka da Turai suna da layin sadarwa nasu na kansu, suna aika wa kamfani labarin inda su ke, da lokacin da aka tashe su, da yadda aka taka birki, ko an yi haɗari ko ba a yi ba. Waɗannan bayanai a kwamfutocin kamfani su ke zaune, kuma abin da ke hukunta su shi ne doguwar yarjejeniyar da mai saye ya amince da ita, galibi bai karanta ba.

Cikin Maris 2024 jaridar New York Times ta tona abin da ke faruwa da su. Wani mai mota ƙirar Chevrolet ya ga kuɗin inshorarsa ya tashi da kashi 21 cikin 100, ga shi bai yi haɗari ba. Da ya nemi fayil ɗinsa daga kamfanin dillancin bayanai na LexisNexis, sai aka ba shi shafi 258. A ciki akwai tafiye-tafiye 640 da shi da matarsa suka yi cikin wata shida, kowace da lokacinta da nisanta, da adadin lokutan da aka taka birki da ƙarfi ko aka fizgi mota. Daga General Motors bayanan suka fito, kuma kamfanonin inshora suna duba su. Direbobi da yawa sun ce ba su san an sa su cikin shirin ba. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san ta yi zuba, to, waɗannan ba su san rariya suka saya ba.

Cikin wannan wata kamfanin ya daina ba dillalan bayanai. Cikin Agusta 2024 Jihar Texas ta kai shi ƙara, tana zarginsa da sayar da bayanan mazaunanta fiye da miliyan 1.8. Cikin Janairu 2025 hukumar ciniki ta tarayya ta sanar da sulhun da ya hana shi ba irin waɗannan dillalai bayanan tuƙi har shekara biyar. A cikin zargin hukumar, akwai motocin da a ke ɗaukar bayanin inda su ke kowane sakan 3.

Al'amarin bai tsaya kan kamfani ɗaya ba. Cikin Satumba 2023 Gidauniyar Mozilla ta duba ƙa'idojin sirri na sunayen motoci 25, ba ko ɗaya da ya ci jarrabawarta. Biyu kaɗai, Renault da Dacia, suka ba kowane direba ikon ya sa a goge bayanansa. Daɗin daɗawa, abin da aka tara yana iya zubewa. Cikin Disamba 2024 mujallar Der Spiegel ta Jamus ta ba da labarin cewa bayanan motocin lantarki kimanin 800,000 na rukunin Volkswagen sun yi watanni a buɗe a intanet, ciki har da na 'yan siyasa da na motocin 'yan sandan Hamburg. Wanda ya san inda mota ke kwana, da asibitin da ta ke zuwa, da gidan da ta kan tsaya da dare, ya san rabin sirrin mai ita.

Abin da ya sa kalmar mallaka ba ta isa ba

Idan aka sace wa mutum akuya, zai duba turke ya ga babu. Idan aka kwafi bayanansa, ba abin da zai ragu a wurinsa, ba zai ma sani ba. Saboda haka cewa bayani mallakar wane ne ba ya hana shi yawo, idan wani ne ke riƙe da shi. Direba ke samar da bayanan da tuƙinsa, kamfani ke cin moriyarsu: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai kuma wani giɓi. Dokar 2015 mai mota ta ambata, ba ta ambaci mai tuƙi ba. Ma'aikacin da ke tuƙa motar ma'aikata, da direban haya, da matar da ke tuƙa motar da ke da sunan mijinta, halinsu ne a ke rubutawa, amma izinin karantawa yana hannun wani.

Tarayyar Turai ta bi wata hanya. Maimakon ta tsaya kan wanda ya mallaka, sai ta ba wanda bayanin ya shafa haƙƙoƙi. Dokarta ta kāre bayanan mutane, wadda ta fara aiki cikin Mayu 2018, ta ba mutum ikon ya ga abin da aka tara a kansa, ya kuma nemi a goge. Daga Yuli 2024 ta wajabta na'urar haɗari a kowace sabuwar ƙaramar mota, bisa sharaɗin kada ta ajiye abin da zai sa a gane motar ko mai ita. Daga Satumba 2025 wata dokar ta ba mai amfani da mota ikon karɓar bayanan da ta ke samarwa, ya miƙa wa makaniken da ya ga dama.

Kammalawa

Wannan batu ya shafi Nijeriya ta hanya mai sauƙin ganewa. Da yawa daga cikin motocin hannu da a ke shigowa da su daga Amurka suka fito, kuma suna zuwa da na'urarsu a ciki, ko da ba a gaya wa mai saye ba. Ma'aikatu da kamfanoni kuma su kan liƙa wa motocinsu na'urar bin sawu. Dokar kāre bayanan mutane ta Nijeriya ta 2023 ta tanadi cewa sai da dalili na halal za a tara bayanan mutum, kuma yana da ikon sanin abin da aka tara.

Ɗalibin shari'a da ma'aikacin da zai tsara ƙa'ida suna da darasi a tarihin Amurka. An yi fiye da shekara goma ana neman dokar da za ta kāre bayanan sakan 5, kafin a same ta motoci sun fara aika labarin tafiyarsu dukanta. Ƙa'idar da za ta daɗe ita ce wadda ta bi bayanin duk inda ya tafi, ta fayyace abin da za a tara, da tsawon lokacin da za a ajiye shi, da wanda za a ba, ta kuma ɗauki kamfanin da ke riƙe da shi a matsayin mai ajiya. Wanda aka ba ajiya kuwa ba shi da ikon sayar da ita, sai da sanin mai ita da yardarsa.