Gudun Iska a Kan Tsinkakkun Fallaye: Ribar Sanyaya da Asarar Matsi

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya ƙura wa lagireton mota ido zai ga siraran fallayen ƙarfe jere a tsakanin bututun ruwa, an tsattsaga su kamar tagar luba. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana hikimar wannan tsagi, da kuma farashin da ake biya dominsa.

2.0 Shimfiɗar Iyaka

A shekarar 1904, a wani taro a birnin Heidelberg na Jamus, Ludwig Prandtl ya nuna cewa iskar da ke gudu a kan falle takan bar wata siririyar shimfiɗa mai nawar tafiya manne da jikinsa. Wannan shimfiɗa tamkar bargo take, domin sai zafi ya ratsa ta kafin ya fita. Tana farawa da siranta a bakin falle, tana ƙara kauri yayin da take nisa. A gudu mai natsuwa, idan nisa ya ninka sau 4, kaurinta yakan ninka sau 2, fitar zafi a wurin kuwa ta ragu da rabi.

3.0 Amfanin Tsinka Falle

Idan aka yanka dogon falle gajajjeru, aka jera su a karkace da juna, shimfiɗar takan watse a ƙarshen kowane guntu, sabuwa siririya ta faro a bakin na gaba. Ta haka bargon ba ya samun damar yin kauri, zafi kuma ya riƙa fita da sauri.

4.0 Faɗuwar Matsi

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Sirantar da ke saukaka fitar zafi ita ce ke ƙara gogayya, sannan kaurin bakin kowane guntu yana tare iska. Sakamakon haka matsi yakan faɗi tsakanin mashiga da mafita, dole fanka ta ƙara cin wuta ko mai. Littafin da Kays da London na Jami'ar Stanford suka fitar a 1955 ya jera awon ribar da na asarar kafaɗa da kafaɗa, domin ɗaya ba ya da ma'ana sai da ɗayan.

5.0 Kammalawa

Ashe gwanintar injiniya tana ga daidaita tsawon guntu da ƙarfin fanka. Wannan ne kuma ya sa ƙurar hunturu, idan ta toshe tsagin, ko falle ya lanƙwashe, iska ke raguwa, inji ya ɗau zafi alhali ruwa na cike a lagireto.