Shin ana iya tuƙa motar da ta faɗi gwajin MOT a Birtaniya?

A Birtaniya, motar da ta kai shekaru uku da rajista sai an kai ta gwajin lafiya sau ɗaya a kowace shekara, wanda aka fi sani da MOT. A Ireland ta Arewa kuwa sai ta kai shekaru huɗu. Takardar da ake bayarwa ta yi kama da wadda jami'an VIO ke tambaya a titunan Najeriya.

Tun 1960 aka fara wannan gwaji, kuma a wancan lokaci birki da fitilu da sitiyari kawai ake dubawa, a motocin da suka kai shekaru goma. A yau ana duba har tayoyi da gilashi da bel ɗin kujera da yawan hayaƙin da mota ke fitarwa. Doka ta hana gareji karɓar fiye da fam 54.85 kan gwajin ƙaramar mota.

Ana iya yin gwajin tun wata ɗaya, ba kwana ɗaya, kafin tsohuwar takarda ta ƙare, ba tare da mai mota ya yi asarar ko kwana guda ba. Ga misali, idan takardar za ta ƙare ranar 20 ga Oktoba, ana iya kai motar daga 21 ga Satumba, kuma sabuwar takardar za ta kai har 20 ga Oktoban shekara mai zuwa.

To amma idan aka yi sammakon kai ta, sai kuma ta faɗi fa? A nan ne direbobi da dama ke ruɗewa, musamman baƙi da ɗalibai da suka sayi tsohuwar mota. Wasu na ganin faɗuwar ta soke tsohuwar takarda nan take, wasu kuma na ganin suna da ikon ci gaba da yawo har ranar da aka rubuta. Duka ɓangarorin biyu ba su faɗi daidai ba.

Faɗuwa ba ta soke tsohuwar takarda. Tana nan da ƙarfinta har ranar ƙarewarta, don haka ba za a tuhumi mutum da laifin tuƙi ba tare da MOT ba, laifin da tararsa kan kai fam 1,000. Sai dai akwai wata dokar ta daban, a cikin dokar zirga-zirgar ababen hawa ta 1988, wadda ta haramta hawa titi da motar da ke cikin yanayi mai haɗari. Ita wannan ba ruwanta da takarda: abin da take dubawa shi ne halin da motar ke ciki a lokacin da aka tare ta.

Daga ranar 20 ga Mayun 2018 aka kasa matsalolin da gwajin ke ganowa gida uku: ƙarama, da babba, da mai haɗari. Ƙarama ba ta hana mota cin gwaji. Sauran biyun ne ke kayar da ita.

Idan aka rubuta cewa matsalar mai haɗari ce, magana ta ƙare, ba a tuƙa motar sai an gyara, ko da saura mako uku tsohuwar takarda ta ƙare. Suɗaɗɗiyar taya na cikin wannan rukuni, wato wadda zurfin zanenta bai kai milimita 1.6 ba. Wanda aka kama yana tuƙa irin wannan mota zai iya fuskantar tara har ta fam 2,500, a ɗora masa maki uku a lasisi, har ma a hana shi tuƙi. Maki uku ba abin rainawa ba ne, domin wanda ya tara 12 cikin shekaru uku yawanci akan dakatar da shi na wata shida, sabon direba kuwa maki shida cikin shekaru biyun farko sun isa a soke lasisinsa. Zaɓin da ya rage shi ne a gyara a garejin, ko a kira janwe ta ɗauke ta zuwa wani wuri.

Babbar matsala ce ke da sarƙaƙiya. Ƙa'idar gwamnati ta ce mai mota na iya tafiya da abarsa idan tsohuwar takarda ba ta ƙare ba, amma da sharaɗin motar ta cika mafi ƙarancin ka'idojin hawa titi a kowane lokaci. Wannan sharaɗi, a gaskiya, ya kusa cinye izinin. Motar da ta faɗi saboda fitilar gaba ɗaya ta mutu, idan aka fita da ita da daddare an karya doka, komai kyawun takardar da ke aljihu. Kuma direba ba shi da bakin cewa bai sani ba, tunda ana shigar da sakamakon gwajin cikin kwamfutar hukumar DVSA, inda 'yan sanda, da ma duk wanda ya san lambar motar, za su iya gani a intanet.

Sai batun inshora. Kamfanoni da yawa na gindaya sharaɗin cewa mai mota ya riƙa kula da lafiyarta. Idan aka yi haɗari, kuma ya bayyana cewa birkin da aka riga aka nuna masa ne sanadi, kamfanin na iya ƙin biyan gyaran motarsa.

Gaggauta gyara ma ya fi sauƙi a aljihu. Wanda ya bar motar a garejin aka gyara, aka kuma sake duba ta cikin kwanakin aiki goma, ba zai biya kuɗin sake gwaji ba. Wanda ya kai ta wani wurin ya dawo cikin wannan wa'adi, wani ɓangare na kuɗin kawai za a iya caje shi. Bayan haka sai sabon gwaji da cikakken kuɗi.

Wanda kuma ke zargin bakanike ya kayar da motarsa ne don ya samu aikin gyara, yana da kwanakin aiki 14 ya ɗaukaka ƙara zuwa DVSA. Amma kada ya bari a taɓa motar kafin jami'in hukumar ya sake duba ta, domin gyaran na iya shafar hukuncin ƙarar.